Bibiyar kalmar “set”: kundin aikin ajinmu na yamma

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na yanka kwalin sabulu guda uku, na fitar da katuna 120, kowanne kamar tafin hannu. Aikin da na daɗe ina ɗagawa ke nan na fara. Ɗan ƙaramin littafi nake so in haɗa, wanda ba zai wuce shafi talatin ba, a kan kalmar Turanci guda ɗaya tak, wato “set”. Saboda 'yan ajinmu na yamma nake yin sa. Su goma sha bakwai ne, dukkansu manya masu iyali, sai sun tashi daga sana'a suke zuwa bayan la'asar.

Mafarin abin shi ne telan da ke zama a bencin gaba. A makon jiya ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hotunan rubutu uku da ya ci karo da su a rana ɗaya. Na farko a takardar sabon keken ɗinkinsa, an ce “set the tension”. Na biyu a saƙon makarantar 'yarsa, an ce “the date has been set”. Na uku a jikin kwalin kofuna, an buga “set of six”. Ya ce, “Malam, don Allah wacce ce ta gaskiya a cikinsu?” Na ce masa duka ukun. Ya yi shiru, can ya ce to shi kam Turancin nan ya fi ƙarfinsa. Maganar ta tsaya mini a rai, domin mutum ne mai himma, bai taɓa fashin aji ba.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina: kowane kati jimla ɗaya zai ɗauka, wadda wani daga cikinmu ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa. A bayan katin kuma a rubuta abin da Bahaushe zai faɗa a wannan gurbin, yadda zai faɗe shi a kasuwa ko a tsakar gida.

Talata, 7 ga Janairu

Kafin in yi nisa na duba yadda manyan masu ƙamus suka yi da kalmar. A babban ƙamusun Oxford, bugu na biyu na 1989 mai mujalladi 20, aikatau ɗin set kaɗai an jera masa ma'ana 430, bayanin kuma ya ci kalmomi wajen 60,000. Littafi guda ke nan a kan haruffa uku. Henry Bradley ne ya kula da wannan sashe a bugun farko, wanda aka kammala a 1928. Set ta daɗe tana riƙe da kambun kalmar da ta fi yawan ma'ana, har aka zo sabunta ƙamusun, a 2011 Peter Gilliver, ɗaya daga cikin editocinsa, ya gama aikin “run” ya fito da ma'ana 645.

Abin da ya faranta mini rai shi ne, su ma da ƙananan takardu suka yi aikin. James Murray, wanda ya karɓi ragamar ƙamusun a 1879, mutane ne suka riƙa aiko masa da jimloli a guntayen takardu daga abin da suka karanta, shi da mataimakansa suna tantancewa suna zubawa a gurabe. Ashe kwalin sabuluna bai kauce hanya ba.

Ban faɗa wa 'yan aji adadin nan na 430 ba, kuma ba zan sa shi a shafin farko ba. Wanda ya riga ya karaya ba a fara masa da lissafi. Sai na rubuta “ci” a allo, na ce kowa ya kawo mini inda ake amfani da ita. Ci abinci, ci kasuwa, ci bashi, ci amana, ci jarrabawa, ci sarauta, ci mutunci, ci gaba, wuta ta ci, wuƙa tana ci, an ci su biyu da nema. Kafin a kira magariba allon ya cika, har ana gardama a kan wanda aka riga aka faɗa. Na tambaye su wa ya taɓa haddace waɗannan. Babu. Tela ya kalli allon ya daɗe, ya ce, “Ashe mu ma muna da irinta.”

Asabar, 11 ga Janairu

Na samu bakin zaren, kuma daga tarihin kalmar ya fito. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila sama da shekara dubu da suka wuce, akwai “sittan”, wato zauna. Akwai kuma “settan”, wato sa wani ko wani abu ya zauna. Ta farko ce ta zama sit, ta biyu ta zama set. A taƙaice, set ita ce “zaunar”.

Da na gane haka sai da na ajiye alƙalami na ɗan jima. Abin da bakinmu ke yi kullum ke nan ba tare da mun lura ba: zauna da zaunar, kwanta da kwantar, sha da shayar. Turanci ma yana da ragowar irin waɗannan tagwaye. Lie da lay su ne kwanta da kwantar. Drink da drench asalinsu sha da shayar ne, ko da yake drench a yau ta fi nufin jiƙa abu sharkaf, sai dai masu kiwo a can har gobe ita suke faɗa in za su ɗura wa dabba magani. Mu muna ƙara ɗan wutsiya a ƙarshen kalma, su kuma wasalin tsakiya suka sauya. Nasu tsarin ya daina haihuwa tun tuni, namu yana nan da ransa.

A aji na ɗauki kofin shayi, na ɗora a tebur a hankali, na gyara masa zama. Na ce musu wannan shi ne uwar ma'anar: a ajiye abu inda ya dace, ya zauna daram, ya daina motsi. Muka koma kan jimlolin tela. Zaren keke, a murɗa shi har ya tsaya inda ake so. Ranar taron makaranta, an tsayar da ita, ba ta gaba ba ta baya. Biyu sun shiga. Ta kofuna shida ta ƙi shiga, na ce a bar ta tukuna.

Laraba, 15 ga Janairu

Maginin ajinmu ya gyara mini kuskure, kuma gyaran ya fi duk abin da na rubuta a makon nan amfani.

Ya kawo jimla daga wata takardar aiki da injiniya ya ba su, inda aka ce a bar kankare “to set” kafin a taka. Ni kuwa na juya katin na rubuta “ya bushe”. Ya karɓa ya duba, ya girgiza kai. Ya ce, “Malam, a yi haƙuri, siminti ba bushewa yake ba. Kamawa yake.” Ya ce in zo wurin aikinsu da safe in gani.

Na je da misalin ƙarfe tara, hazo bai gama washewa ba. Sun zuba daɓen wani ɗaki tun asuba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya danna babban yatsansa a gefe, yatsan ya nutse, ruwa ya ɗan taso a ramin. Ya ce bai kama ba. Ya kai ni ɗakin da suka zuba jiya da yamma, ya danna da ƙarfi, ko alama babu, alhali daɓen a jiƙe yake jagab, don yaronsa bai daɗe da watsa masa ruwa ba. Ya ce, “Ka gani? Wannan a jiƙe yake amma ya kama. Da bushewa ake nema, me zai sa mu yi ta ba shi ruwa?” Ya ce a irin wannan iska ta hunturu in aka bar bulo babu ban ruwa, iska za ta janye ruwan kafin simintin ya gama aikinsa, sai ka ga bulo yana marmashewa a hannu.

Gaskiyarsa. Siminti haɗuwa yake da ruwa su zama wani abu dabam mai tauri, shi ya sa ko a ƙarƙashin ruwa yana kamawa. Turanci ya raba matakan: set shi ne kamawar sa'o'in farko, ƙarfin kuma yana ci gaba da shiga har makonni, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana na 28. Na yaga katin na sake sabo: “ya kama”. A ƙarƙashinsa na ƙara kindirmo idan ya kama, da manja idan ya yi barci a sanyi. Duk abu ne mai gudana da ya zauna wuri ɗaya.

Darasi ga aikin kansa: duk katin da ya shafi wata sana'a, mai sana'ar zan ba ya cike bayansa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na baje katunan a tabarma, 58 suka cika zuwa yanzu. Da na karanta bayansu a jere sai wani abu ya fito fili. Inda Turanci ya maimaita kalma ɗaya, Hausa kusan kowane kati da nasa aikatau. Tarko, ɗana shi muke. Karaya, ɗori ake mata. Wuta, cinna ta ake. Tarihi, kafa shi ake. Kwanukan abinci, jera su ake. Tambayoyin jarrabawa, fitar da su ake. Fursuna, sakinsa ake. Duk waɗannan Bature set zai ce, ya bar sunan da ke biye ya ɗauki nauyin ma'anar. Saboda haka shawarar da zan sa a shafi na biyu ita ce: in ka ga set, kada ka tsaya a kanta, dubi abokin tafiyarta.

Kalmarmu da ta fi kusa da ita ita ce “sa”. “Set a date” sa rana ne, har da irin sa ranar da iyaye ke yi a zaure da goro da alawa. “Set foot” sa ƙafa ne. Amma akwai rami a nan, na kuma yi masa jan layi. “Set eyes on” ba sa ido ba ne. Yin tozali ne da abu, ɗora ido a kansa, galibi karon farko. Sa ido namu kuwa lura ne da bibiya, wani lokaci ma shiga sharo ba shanu. Wanda ya musanya su zai faɗi abin da bai nufa ba.

Baba mai gadi, wanda ya fi kowa shekaru a ajin, shi ya warware mana “the rains have set in”. Ina ta kewaye-kewaye, ya ce, “Ɗana, ai ruwa ya zauna ke nan.” Haka manoma ke faɗa in damina ta kankama, an daina fargabar shuka za ta ƙone. Ban taɓa ganin inda harsunan biyu suka haɗu daidai wa daida kamar nan ba. A wajen rana kuwa sun rabu: mu mun ce faɗuwa take, su sun ce set, kamar ta je ta sami wuri ta zauna.

Asabar, 25 ga Janairu

Kofuna shidan tela sun sami gida. Set da ke nufin rukunin abubuwa masu tafiya tare, wani ɓangare na asalinta daga tsohon Faransanci yake, “sette”, wadda ta fito daga Latin “secta”, wato ƙungiyar mutane masu bin tafarki ɗaya. Daga can ne ma Turanci ya samo “sect”. Daga baya ta cakuɗe da ɗaya set ɗin ta zaunarwa, kamar yadda Neja da Binuwai suka haɗe a Lakwaja. Dalilin da ya sa ta ƙi shiga layin kofin shayi ke nan.

Wannan sashe bai ba mu wahala ba, domin Hausa ta riga ta are shi. Hajiya mai kayan kicin ta cike kati tara a zama ɗaya: saitin kula, saitin tukwane, saitin kujeru, akwati saiti biyu a lefe. Ta ce a shagonta in kofi ɗaya ya fashe daga cikin shida, sauran biyar sun tashi daga saiti, sai a sayar da su ɗai-ɗai da araha. Na rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, don ta bayyana ma'anar fiye da yadda zan iya: cikar abin ce ta sa ya zama saiti.

Na ƙara ɗan gwangwanin lissafi na 'yan makaranta mai kamfas da rula, da set na darasin lissafi, fannin da Georg Cantor ya assasa a Jamus a shekarun 1870, da set na wasan tanis da ƙwallon raga. Layi ɗai-ɗai na ba su. Wanda na ɗan tsaya a kai shi ne “our set”, yadda muke faɗa a Najeriya ga waɗanda muka gama makaranta shekara ɗaya. Turancinmu ne na gida kuma ba laifi ba ne, amma a makarantun Ingila set rukunin ɗalibai ne da aka ware bisa ƙoƙarinsu a wani darasi. Ya kamata mai rubuta wa baƙo wasiƙa ya san haka.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gajeren zama. Mutum huɗu sun rubuta “setted” a aikin gida. Kalmar ba ta sauya kama: yau set, jiya set, an riga an yi ma set, kamar cut da put da shut. Lokacin daga sauran jimlar ake gane shi. Muka ɗauki rabin awa muna furta sit, set, sat, seat, ina nuna kujera ina nuna kofi. Set da sat ne suka fi rikita kunne. Za mu maimaita.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na shiga wuri mai wuya, wato inda set ke ɗaukar 'yar ƙaramar kalma a bayanta: up, off, out, aside.

“Set aside” fuska biyu gare ta. A maganar kuɗi, warewa ce, kamar a ware wani abu daga albashi saboda kuɗin makaranta. A kotu kuwa soke hukunci ne. Wani ɗan ajin mai bin labarai ya tuna cewa kalmar da jaridun Turanci suka yi ta bugawa ke nan ranar 12 ga Janairun 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta jingine hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar gwamnan Kano. Ya ce a ranar ya ɗauka ana nufin an ajiye hukuncin sai wani lokaci, sai da ya ji a rediyo da Hausa. Duka biyun ajiyewa ce a gefe, amma ɗaya don a adana, ɗaya don a daina aiki da shi. Wannan kati na ba shi shafi guda, saboda kuskure a nan yana iya jawo wa mutum asara in takardar kotu ce a hannunsa.

“Set up” ma haka. Kafa shago, kafa kwamiti, haɗa sabuwar waya. Amma in mutum aka yi wa, an haɗa masa gadar zare ke nan. Nan ma ana iya jin ƙanshin ɗana tarko.

Waɗanda suka ƙi ni su ne “set off” da “set out” na kama hanya. Kalmar da na ce tushenta zama ne, ga ta tana nufin tashi. Na gwada lanƙwasa su in cusa su cikin bayanin kofin shayi, na ga ƙarfa-ƙarfa zan yi musu, kuma 'yan aji za su gane. Na samo ambulan na zuba su ciki tare da “set off” ta tayar da ƙararrawa da “set about” ta dukufa kan aiki. A littafin zan ba su sashe nasu, in ce waɗannan a riƙe su yadda suke. Na fi son ƙa'idar da ta ɗauki kashi uku cikin huɗu da gaskiya a kan wadda aka matsa mata ta ɗauke duka.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Makanikin ajin ya kawo saitin kafireto da saitin taya, ya kuma tambayi saitin bindiga irin na maharba. Na farko set ne kai tsaye, kamar saita agogo da saita tashar rediyo da saitin waya. Na bindiga ne ya tsayar da ni. Bature ba ya cewa set in zai auna abu da bindiga, aim yake cewa, ɗan ƙarfen da ake leƙawa ta kansa kuma sunansa “sight”. Furta sight a hankali ka ji: sait. Kunnena ya fi ba ni cewa saitin maharbi daga nan ya zo, har da “saitin ƙofar gidanmu” da muke faɗa in abu yana daidai da wani. Kalmomin Turanci biyu ke nan suka kwana a ɗaki ɗaya a Hausa. Amfanin sanin haka a aikace: ba duk inda muka ce saiti ne za a mayar da shi set ba. Na buɗe sabon sashe, “Daga Hausa zuwa Turanci”, wanda babu shi a tsarin farko.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Raina ya ɓaci jiya. Na kai shafi goma sha biyu na farko wani shagon buga takardu don a fitar mini da gwaji. Da na karɓo sai na tarar duk haruffa masu ƙugiya sun zube, wasu sun koma baƙaƙen akwatuna, wasu an maye su da marasa ƙugiya. A littafin da “set up” ke nufin kafa, “set foot” ke nufin sa ƙafa, an mayar da su abu ɗaya. Ɗana tarko ya koma dana. Na nuna wa mai shagon, ya ce ai kowa zai gane. Masu karatun nawa koyo suke, ba zan ba su abin da sai sun yi canke ba. Kuɗin ya tafi. Yau na sake buga shafukan da kaina a kwamfutar ƙanena, na adana su yadda haruffan ba za su motsa ba in an buɗe a wata na'ura.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zaman ƙarshe kafin azumi. Na kawo jimla goma da ba su taɓa gani ba, daga takardar magani da jarida da littafin janareta, na ce kowa ya rubuta Hausarsu. Mafi yawa sun ci bakwai ko takwas. Inda aka fi faɗuwa shi ne “setback”, wadda ban koyar ba, da “set out” daga ambulan. Tela ya ci tara. A gefen “the glue sets in ten minutes” ya rubuta “gam zai kama cikin minti goma”, ya ja layi a ƙarƙashin kama, ya juya ya nuna wa magini.

Inda aiki ya tsaya: kati 104 sun cika, na tace su zuwa ma'ana 41 a sashe biyar. Shafi goma sha tara sun kammala. Saura sashen ambulan, da na sifa, irin su “set price” da “all set” da “set in his ways”, wanda Baba mai gadi ya ce shi ne icen da ya riga ya bushe, ba ya tanƙwaruwa. Ina kuma neman mai ɗori da zai duba mini katin karaya, da ma'aikaciyar jinya ga jimloli uku na asibiti da ba na so in cike da ka. Hajiya ta karɓi kati goma marasa rubutu, ta ce za ta cike su daga kwalayen kayan da za su shigo mata na Sallah. Za mu koma aji Asabar ta biyu bayan Sallah, in Allah ya kai mu.